Horon Wasan Kwaikwayo a Turai: Wa Zai Biya, Wa Zai Amfana?

Daga Yuni zuwa Agusta, wasu cibiyoyin wasan kwaikwayo a Turai kan buɗe horo na mako biyu ko uku, inda ake gauraya rawar Kathakali ta Indiya da wasan Noh na Japan da hikayoyin Girkawa, a ce kowane ɗalibi ya zo da na garinsu. Cibiyar La MaMa na yin irinsa kusa da Spoleto a Italiya, kuma a kan wannan tunani Eugenio Barba ya kafa makarantarsa ta ISTA a 1979. Yanzu da waya ke hannun kowa, tallar ba ta da wuyar isa ga saurayi mai son dirama a ƙauyen Yasore da ke Batsari. Kafin ya sa baki a sayar da ɗan bijimin gida, a zauna a yi lissafi.

Fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000 tun Satumban 2025. Bizar Turai Yuro 90 ce, sai an je Abuja ko Legas, idan kuma aka hana ba a mayar da ko sisi. Ga tikitin jirgi a watannin da ya fi tsada, ga kuɗin horo da masauki. Magana ce ta miliyoyi.

Asarar da ba ta cikin takardar talla ita ce damina. Lokacin hutun Turawa shi ne lokacin shuka da noman fari da maimai a Batsari da Safana. A yankin da 'yan bindigar dajin Rugu suka raba mutane da gonakinsu na nesa, 'yar gonar da ta rage kusa da gari ita ce rumbun shekara. Ƙato ya tafi a Yuli, sai dai a biya 'yan ƙwadago ko ciyawa ta cinye geron.

To me zai samo? Ɗan Kathakali a Kerala shekaru yake yi yana horar da ido da yatsu kafin a bar shi gaban jama'a. Mako uku ɗanɗano ne, sai takardar shaida da hotuna.

Abin da zai bari a can ya fi damuna. A ƙarshen 1972 daraktan wasan kwaikwayo Peter Brook ya tsallako Sahara da tawagarsa daga Faris, suka ratsa Agadas da Kano suna shimfiɗa darduma a ƙauyuka suna wasa. Ƙwarewar da sunan duk Faris suka koma. Da ya fito da wasan Mahabharata, hikayar Indiya, a 1985, Rustom Bharucha, ɗan Indiya, ya zarge shi da ɗauke labarin daga mazauninsa don ya yi daidai da bakin Turawa. Haka za a yi wa namu. Tashen gwauro na da daɗi ne saboda azumi ya kai goma, kuma duk unguwa ta san gwauron da sunansa da abin da ya hana shi aure. A ɗakin atisaye a Italiya, tsalle da kiɗan gwangwani kawai za su rage. Idan kuwa malamin horo ya ce a nuna masa hawan bori, kamar yadda masu neman "tushen wasa" ke sha'awa, bidiyon zai riga saurayin isowa gida, shi kuma zai yi wa liman da surukai bayani.

Ba na cewa babu amfani a ga yadda wasu ke yi. Amma an taɓa gwada hanya mai sauƙi a nan kusa. Sashen dirama na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya fara a 1975 da Michael Etherton, kuma shi da irin su Salihu Bappa suka fitar da ɗalibai zuwa ƙauyuka: Wasan Manoma a Soba a 1977, sannan Maska ta ƙasar Funtuwa a 1979. Da Hausa aka yi, a kan matsalolin manoman da ke zaune suna kallo.

Wanda aka ɗauke wa kuɗin tafiya gaba ɗaya, kuma yana da mai riƙe masa gona, ya je, Allah ya kiyaye hanya. Wanda zai biya da aljihunsa kuwa, ya jira kaka ta wuce ya nemi motar Zariya.