Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A cikin 1996 aka haɗa gwanaye biyu na wasan sanda da ƙwallo a birnin Hong Kong, watau Efren Reyes mutumin ƙasar Filifin da Earl Strickland Ba'amurke, aka ajiye musu Dala 100,000 a tsakani, bisa sharaɗin wanda ya riga cin zubi 120 ya kwashe duka, ɗayan kuwa ya koma gida hannu rabbana. Kwana uku suka yi suna fafatawa. Har Strickland ya ba abokin karawarsa ratar zubi 17, amma daga bisani Reyes ya cim masa, ya wuce shi, aka tashi 120 da 117. Wanda duk ya dubi wannan lissafi zai ga cewa cikin zubi 237 da aka yi, uku kacal suka raba mai dariya da mai cizon yatsa. To, a irin wannan karo, sandunan da ɗan wasa ya zuba a jakarsa tun daga gida suna iya zama sanadin cinsa ko faɗuwarsa.

Wasan nan shi Turawa ke kira pul, samari kuwa a garuruwan Nijeriya sun fi saninsa da sunan sinuka, ko da yake sinuka ta ainihi wani wasa ne dabam, mai tebur mafi girma da ƙwallaye ƙanana. A duka biyun ana zungurar farin ƙwallo da sanda, shi kuma ya bugi wani ya jefa shi cikin ɗaya daga ramuka shida na tebur. Baƙo zai zaci sanda sanda ce. Gwanin wasa kuwa, idan zai tafi babbar gasa, yakan ɗauki sanduna uku, ko wacce da aikinta.

Ta farko ita ce sandar wasa, wadda kusan duk bugun da zai yi da ita zai yi. Tsawonta yakan kai inci 58, nauyinta tsakanin oza 18 da 21, a bakinta kuma akwai 'yar fata mai faɗin milimita 12 zuwa 13, wadda ake goga wa alli. Ana danganta ƙago wannan fata ga wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, wanda ya ƙware a wasan yana tsare a kurkuku a farkon ƙarni na 19. Amfaninta shi ne takan kama farin ƙwallo, har mai wasa ya iya murza shi: ya buge shi a ƙasa ya dawo baya, ko a gefe ya karkata bayan ya taɓa bangon tebur.

A wannan murzawa ne asirin zaɓen sanda yake. Duk sa'ad da aka bugi farin ƙwallo a gefen dama, yakan ɗan kauce wa hanyar da aka saita ya yi hagu. Idan a hagu aka buge shi, ya yi dama. Yawan kaucewar ya dogara ne ga nauyin 'yan incin da ke bakin sanda: in bakin na da nauyi ƙwallo ya kauce da yawa, in ba shi da nauyi ya kauce kaɗan. Wanda ya shekara goma da sanda ɗaya, idonsa da hannunsa sun riga sun san iyakar kaucewarta, suna gyara saiti ba tare da ya yi tunani ba. Ranar da aka sauya masa wata, ko da ta ninka tasa tsada sau goma, hannun zai ci gaba da yin gyaran tsohuwa a kan sabuwa. Filin teburin gasa inci 100 ne a tsawo, bakin ramin kusurwa kuwa bai wuce faɗin ƙwallo biyu ba, watau inci huɗu da rabi, a wasu gasa ma bai kai haka ba. Kuskuren da bai fi kaurin yatsa ba ya isa ya bar ƙwallo a bakin rami, ya miƙa wa abokin gaba tebur.

Saboda haka dokar farko ita ce, sandar da hannu ya sani ita ake ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya sayi sabuwar sanda mako ɗaya kafin gasa, gara ya bar ta a gida, in ya dawo ya koye ta a tsanake. Wannan jarrabawa ta ƙaru tun daga wajen 2016, sa'ad da sanduna masu gaba na zaren kabon suka yaɗu. Sun fi katako juriya, ba ruwansu da laimar damina ko bushewar hunturu da kan tanƙwara itace, gwanaye da yawa kuma sun koma gare su. Amma masu hankali daga cikinsu sai da suka yi gwaji mai tsawo kafin su fita da su bainar jama'a.

Daɗin daɗawa, sandar wasa gaɓa biyu ce, gindi da gaba, ana murɗa su a haɗa. Ɗan wasa mai lura yakan tafi da gaba biyu, domin fatar baki na iya ɓallewa ana tsakiyar wasa, alhali kuwa ba wanda zai tsayar masa da gasa ya je ya nemi mai gyara. Sharaɗin dai shi ne gaban na biyu ya zama tagwayen na farko, kauri ɗaya, fata iri ɗaya, kuma an riga an yi wasa da shi har fatar ta zauna. Sabuwar fata takan baje, ta ƙara tauri cikin kwanakin farko, don haka ba a sa ta a daren jajibere.

Sanda ta biyu ita ce ta fasawa. Kowane zubi yana farawa ne da bugu mai ƙarfi wanda zai watsa ƙwallayen da aka jera, farin ƙwallo kuma kan yi gudun mil 20 a awa ko fiye. In aka yi ta wannan aiki da sandar wasa, fatarta za ta lotse, siffar da hannu ya saba da ita ta ɓace. Shi ya sa ake keɓe masa sanda mai baki mai tauri ƙwarai. Mai karatu ya tuna da karon Hong Kong, inda aka fasa sau 237. Yawancin masu koyo sukan ɗauka mafi nauyi ita ce mafi kyau, alhali kuwa ƙarfin bugu yana zuwa ne daga nauyi da sauri tare, kuma sandar da ta fi ƙarfin hannu takan rage saurin, ta kuma ɓata saiti. Ƙa'idar ƙungiyar wasan ta duniya ma ta hana sanda ta wuce oza 25.

Ta uku ita ce ta tsallake, gajeriya marar nauyi, wadda ake buga farin ƙwallo da ita daga sama ya dira, ya haye ƙwallon da ya tare masa hanya. Ƙa'idar duniya ta ce kada sanda ta gaza inci 40, amma kowace gasa da nata sharuɗɗan. Gasar Derby City, wadda aka fara a Amurka cikin 1999, ta hana sandar tsallake, a sinuka ta ainihi kuwa tsallaken kansa laifi ne. Wanda bai karanta sharuɗɗa tun daga gida ba, yana iya dogara ga makamin da za a karɓe masa a bakin ƙofa. Tarihi ya ajiye misalin haka. A cikin 1938, a birnin Landan, wani ɗan sinuka mai suna Alec Brown ya ga farin ƙwallo ya maƙale tsakanin jajaye, sai ya zaro wata 'yar sanda kamar alƙalami daga aljihu, ya goga mata alli, ya buga. Alƙalin wasa ya yanke masa hukuncin laifi, daga nan kuma aka kafa doka cewa sandar sinuka ba za ta gaza ƙafa uku ba.

Saura batun kai sandunan wurin gasa lafiya, kuma a nan labarin Stephen Hendry na Sikotilan ya isa darasi, ko da yake shi ma ɗan sinuka ne. Da sanda ɗaya ta Fam 40, wadda ya samu tun yana yaro, ya ci kambin duniya sau bakwai tsakanin 1990 da 1999. An taɓa sace ta a garin Reading cikin 1990, sai da aka sa ladan Fam 10,000 kafin ta dawo hannunsa. A cikin 2003 kuwa ta karye a kayan jirgin sama yana dawowa daga Tailan. Ya ci wasu gasa bayan haka, amma an daina ganin irin mamayar da aka san shi da ita. Da yake a ƙasashe da dama, ciki har da Amurka, ba a barin fasinja ya shiga jirgi riƙe da sandar wasa, wajibi ne a sa ta cikin akwati mai tauri, a kuma tanadi wata wadda hannu ya riga ya saba da ita tun ba a shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi ba.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, waɗanda kan cika jaka da sandunan wasa huɗu ko biyar. Irin wannan mutum, da zarar ya zubar da ƙwallo ɗaya sai ya ɗora wa sanda laifi, ya ajiye ta ya ɗauko wata, kafin a yi zubi goma ya rasa wadda zai amince da ita, ya kuma rasa amincewa da hannunsa. Abokin karawarsa yana zaune yana kallo, ya kuwa san ma'anar abin da yake gani. Jakar gwani ba ta da tarkace: sandar wasa ɗaya da gaba biyu, sandar fasawa, sandar tsallake in ƙa'ida ta yarda, sai allin da ya saba da shi. Duk shawarar da za a yanke game da sanda, a gida ake gama ta, domin idan an isa gaban tebur kuma kuɗi na ajiye, hankalin ɗan wasa ba shi da sauran wurin da zai ba wani abu in ba ƙwallo ba.