Dakatar da ɗaukar ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka na 2025

Dakatar da ɗaukar ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka na 2025 umarni ne da Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu a ranar 20 ga Janairu, 2025, wato ranar da aka rantsar da shi a karo na biyu. Umarnin ya hana cike duk wani gurbin aikin farar hula da babu kowa a kai tun daga ƙarfe 12 na rana a wannan ranar, ya kuma hana ƙirƙirar sababbin gurabe. Gwamnatin tarayya tana da ma'aikatan farar hula kimanin miliyan 2.3 a lokacin, ban da na gidan waya. Waɗanda matakin ya fara shafa su ne mutanen da aka riga aka yi wa tayin aiki, suka amince, amma ba su kai ga kama aikin ba.

Abin da umarnin ya ƙunsa

Umarnin bai shafi sojoji ba, haka kuma ya keɓe ayyukan da suka danganci shige da fice, tsaron ƙasa da kare lafiyar jama'a. Ya kuma ce kada matakin ya kawo cikas ga biyan kuɗin fanshon tsofaffi, inshorar lafiya ta Medicare da haƙƙoƙin tsoffin sojoji. Da farko an tsara zai ɗauki kwanaki 90, kafin lokacin ofishin kasafin kuɗi na fadar White House ya gabatar da tsarin rage yawan ma'aikata. Hukumar tara haraji ta IRS ce kaɗai ba a sanya wa wa'adi ba, inda aka ce dakatarwar za ta ci gaba a can har sai Sakataren Baitulmali ya ga dacewar ɗage ta.

Matsayin masu jiran kama aiki

Ɗaukar aikin gwamnatin tarayya a Amurka yana bin matakai. Mai nema yakan shigar da takardunsa ta shafin USAJOBS. Idan aka zaɓe shi, sai a aika masa da tayi na wucin gadi mai sharuɗɗa. Daga nan a ɗauki hoton yatsunsa, a binciki tarihin rayuwarsa, a wasu ayyukan a yi masa gwajin lafiya ko na miyagun ƙwayoyi. Sai bayan an kammala waɗannan ake ba shi tayi na ƙarshe, wanda ke ɗauke da ranar kama aiki. Gaba ɗaya hakan yakan ci fiye da wata uku, ayyukan da ke buƙatar izinin ganin bayanan sirri kuwa sukan wuce haka nesa.

Wannan tsawon jira shi ya sa duk lokacin da aka rufe ƙofa, akan tarar da mutane da yawa a tsakiyar hanya. Takardar bayani da ofishin kasafin kuɗi da ofishin kula da ma'aikata na OPM suka fitar a ranar 20 ga Janairu ta raba su gida biyu. Wanda aka yi wa tayi kuma ya amince kafin wannan ranar, kuma ranar kama aikinsa ba ta wuce 8 ga Fabrairu, 2025 ba, an ce ya je ya kama aikinsa. Wanda ranarsa ta wuce 8 ga Fabrairu, ko kuma ba a tsayar masa da rana ba, an soke tayinsa. Shugaban hukumar da abin ya shafa zai iya neman sabunta tayin, amma sai da rubutacciyar amincewar OPM. An kuma umarci hukumomi su cire tallace-tallacen guraben da ba a keɓe ba daga USAJOBS.

Ke nan ranar da ke rubuce a takarda ce ta raba wanda ya shiga da wanda ya rasa. Mutum biyu da aka zaɓa a rana ɗaya, don aiki iri ɗaya, suna iya rabuwa saboda binciken ɗayansu ya yi jinkiri, ko kuma don ɗayan ya nemi a ƙara masa makonni biyu ya miƙa ragamar tsohon aikinsa.

Waɗanda aka janye wa tayi

A Ma'aikatar Shari'a, an janye tayin da aka yi wa sababbin lauyoyi ƙarƙashin shirin Honors, wanda ma'aikatar ke ɗaukar matasan lauyoyi da shi tun 1953. Ana yi wa waɗannan tayi watanni kafin su kammala karatu, don haka ranar kama aikinsu ta yi nisa da 8 ga Fabrairu. A lokacin da labarin ya iske su, manyan kamfanonin lauyoyi sun riga sun gama ɗaukar 'yan ajinsu.

A hukumar kula da gandun daji da wuraren shaƙatawa ta ƙasa, an janye tayin ma'aikatan da ake ɗauka na lokacin bazara, lokacin da baƙi suka fi yawa. Bayan ƙorafe-ƙorafe, a cikin watan Fabrairu aka ba hukumar izinin ɗaukar irin waɗannan ma'aikata har 7,700. A Ma'aikatar Kula da Tsoffin Sojoji kuwa, an fara aika wa wasu likitoci da ma'aikatan jinya saƙon janyewa, kafin ma'aikatar ta sanar cikin 'yan kwanaki cewa ta keɓe gurabe fiye da 300,000 na fannin lafiya daga dakatarwar.

Asarar mai neman aiki ba ta tsaya ga albashin da ya rasa ba. Mai tayi na ƙarshe a hannu yawanci ya riga ya ajiye tsohon aikinsa, wani ya saki gidan haya ko ya kwashe iyalinsa zuwa wata jiha. A Amurka yawancin masu aiki suna samun inshorar lafiya ne ta wurin aikinsu, saboda haka barin aiki ɗaya ba tare da kama wani ba yana iya barin iyali babu inshora.

Matsayin doka

A dokar Amurka, tayin aiki bai mayar da mutum ma'aikacin gwamnati ba. Sai an naɗa shi ya kuma fara aikin. An gwada wannan a kotu bayan da Shugaba Ronald Reagan ya dakatar da ɗaukar ma'aikata a ranar 20 ga Janairu, 1981, ya kuma mayar da hannun agogo baya, matakin ya shafi duk wanda aka zaɓa tun daga 5 ga Nuwamba, 1980. Ƙungiyar ma'aikata ta NTEU ta shigar da ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington kuma ta yanke hukunci a 1981 cewa jami'in da ke da iko yana iya soke naɗi matuƙar mutum bai fara aiki ba. Saboda haka wanda aka janye wa tayi ba shi da kariyar da cikakken ma'aikaci ke da ita, sai dai idan zai iya nuna cewa wariya aka nuna masa saboda launin fata, addini, jinsi ko makamantansu.

Kwatanci da na baya

Shugaba Jimmy Carter ya taƙaita ɗaukar ma'aikata har sau uku a zamanin mulkinsa. A 1982, ofishin binciken kuɗi na majalisar dokoki, GAO, ya duba waɗannan ukun da na Reagan, ya ce ba su rage yawan ma'aikata da wani abin kirki ba, sun dagula ayyukan hukumomi, a wasu wuraren ma sun ƙara wa gwamnati kashe kuɗi.

Trump da kansa ya taɓa ɗaukar irin wannan mataki a ranar 23 ga Janairu, 2017, aka ɗage shi a ranar 12 ga Afrilu na shekarar. Na 2017 ya fi sassauci ga masu jira: an ba su har zuwa 22 ga Fabrairu, kuma waɗanda ranarsu ta wuce haka an bar wa shugaban hukuma ya duba ko a janye ko a ci gaba. A 2025 soke tayi ne matakin farko, sabuntawa kuma sai an roƙa.

Muhawara

Gwamnati ta ce manufarta ita ce rage girman ma'aikatu da kashe kuɗi. Ƙungiyoyin ma'aikata da 'yan jam'iyyar Democrat a majalisa sun ce dakatarwar ba ta bambance gurbin da ake buƙata da wanda ba a buƙata, kuma ta fi faɗawa kan matasa, alhali waɗanda ba su kai shekara 30 ba ba su kai kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan tarayya ba.

Abin da ya biyo baya

Waɗanda suka samu shiga kafin 8 ga Fabrairu ma ba su tsira gaba ɗaya ba, domin sun shiga a matsayin ma'aikatan gwaji, kuma daga tsakiyar Fabrairu aka sallami dubban ma'aikatan gwaji a hukumomi daban-daban, lamarin da ya kai har Kotun Ƙoli. A ranar 11 ga Fabrairu wani umarnin ya ce idan aka ɗage dakatarwar, mutum ɗaya kawai za a ɗauka a madadin kowane huɗu da suka bar aiki. An tsawaita dakatarwar zuwa 15 ga Yuli, sannan zuwa 15 ga Oktoba, 2025. A ranar 15 ga Oktoba Trump ya sanya hannu kan sabon umarni da ya ci gaba da taƙaita ɗaukar ma'aikata, ya kuma wajabta wa kowace hukuma kafa kwamitin da zai amince da gurbi kafin a cike shi.