Ƙofar Karantarwa A Buɗe Take

Da yawa daga cikin 'yan uwa matasa sun kammala digiri a injiniya, lissafi ko kimiyya, amma ga su nan zaune suna jiran aikin gwamnati, alhali makarantun al'umma na kukan rashin ƙwararrun malamai.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare sama da 21,000 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. 'Ya'yan wa suke karantarwa? 'Ya'yan talakawa!

Wanda bai karanci malanta ba, bai makara ba. Mai digiri yana iya yin diflomar koyarwa ta PGDE a jami'a, ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ya yi gwajin koyarwa a aji, sannan ya zauna jarrabawar TRCN, hukumar da dokar 1993 ta ɗora wa rajistar malamai, ya karɓi lasisi. Wannan horo wajibi ne, domin sanin lissafi daban, iya koyar da shi daban.

Albashin bai taka kara ya karya ba. To amma Shehu Ɗanfodiyo da karantarwa ya soma a Ɗagel, tun kafin hijirar 1804. Duk mai son gyaran al'umma, aji na jiransa. Allah Ya sa a dace.