Kwamfutar da Microsoft ya sallama ba ta mutu ba

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya rufe wa'adin kula da Windows 10. Tun daga ranar magana ɗaya ke yawo a ofisoshi da shagunan gyara: tsohuwar kwamfutar tebur ta gama yayi, a kira ɗan jari-bola ya auna ta a kilo. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma 'ya'yan talakawa ne ke biyan kuɗinsa.

Babu wayar da ta ƙone a cikin waɗannan na'urori a ranar. Windows 11 ce ta zo da sharuɗɗa: sai kwamfuta tana da ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, sai kuma ƙwaƙwalwarta, in ta Intel ce, ta zama daga zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Dell ko HP ɗin da wani banki ya saya a 2015, mai tashi garau kowace safiya, ta faɗi wannan jarrabawa. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya ƙarewa a juji saboda haka. Ɗan kasuwa yana da ikon yanke wa hajarsa wa'adi. Abin takaicin shi ne yadda shugabannin ma'aikatu suka karɓi kalandar kamfani kamar takardar likita.

Windows ba ita kaɗai ba ce a duniya. Linux Mint da Lubuntu kyauta ne, suna samun gyaran tsaro, kuma suna gudu a kan injin da ya haura shekara goma. Google ma ya fitar da ChromeOS Flex a 2022 musamman domin tsofaffin kwamfutoci. In mai gyara ya cire tsohon faifan ajiya mai juyawa ya sa SSD, ya ƙara RAM, injin da ake jira minti biyar ya tashi sai ya buɗe kafin a gyara zama. A Jamus, jihar Schleswig-Holstein ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan Linux da LibreOffice. Wannan jiha ce da ba ta rasa kuɗin lasisi ba.

To, me za a yi da tsofaffin kwamfutocin nan a Arewa? Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC kuma ta bi sahu a 2024 da masu rubutawa daga waje. Har yau akwai ɗalibin da ranar jarrabawa ce ranar farko da yatsansa ya taɓa madannai. Ya san amsa, amma lokaci ya ƙare masa yana laluben inda zai danna. Wannan yaro ba ya bukatar sabuwar kwamfuta mai tsada. Tsohuwa guda goma a ɗaki ɗaya sun isa su koya wa aji guda buga rubutu kafin zango ya ƙare. Ko data ba sai an saya ba. Manhajar Kiwix tana ɗauke da Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da intanet ba, Kolibri kuma tana mayar da kwamfuta ɗaya rumbun darussa da sauran na ɗakin za su riƙa ɗiba daga gare ta. Wata kwamfutar tana iya riƙe rajistar marasa lafiya a asibitin ƙauye, wata lissafin ƙungiyar manoma.

Masu ja da wannan suna kawo hujja biyu, kuma duka suna da nauyi. Ta farko wuta: tsohon inji yana shan lantarki. Gaskiya ne, shi ya sa ake jefar da tsohon allo mai ƙeya a sa shafaffe, a kunna sa'o'in darasi kawai. Ta biyu ita ce tsoron mayar da Afirka juji da sunan taimako. Wanda ya san Agbogbloshie a Accra, inda samari, da yawansu daga arewacin Ghana, suka yi shekaru suna ƙona wayoyi don cire tagulla kafin a rushe wurin a 2021, ba zai raina wannan tsoro ba. Amma ai hujjar tana goyon bayan gyara ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna duniya ta zubar da sharar lantarki tan miliyan 62 a 2022, kuma abin da aka sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Duk kwamfuta mai rai da aka miƙa wa ɗan gwangwan, hayaƙi za ta zama a huhun wani.

Ba sai an jira kwantena daga Turai ba. Bankuna da jami'o'i da sakatariyoyin jihohi suna da ɗakunan ajiya cike da tsofaffin kwamfutoci, ƙura ta lulluɓe. A goge bayanan da ke ciki tsaf, a ba masu gyara na titin Beirut a Kano da ɗaliban kwalejojin fasaha su ɗora musu Linux, a kai su makarantun sakandaren gwamnati kafin JAMB ta gaba.