Wasiƙa Zuwa Ga Masu Jinyar Ciwon Suga: Ku Sa A Cire Takalmi

Ya ku 'ya'yana da ƙannena, likitoci da nas-nas da masu ba da magani da ma'aikatan lafiya na unguwanni.

Na san halin da kuke ciki. Layi har bakin ƙofa, albashi ba ya kaiwa ƙarshen wata, abokan karatunku da yawa sun tsallake teku, ku kuma kun tsaya. Allah ya saka muku da alheri. To, yanzu ga abin da ya hana ni shiru.

Duk asibitin da na leƙa na tambayi labarin ziyarar gida, amsa ɗaya nake samu: "Baba, babu kuɗin mai." Ban ƙaryata ku ba. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma gwamnatin tarayyarmu a kusa da kashi 5 take yawo. Dokar lafiya ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, sai 2018 ya shiga kasafi. Kuma duk ranar da aka tashi tsuke bakin aljihu, kuɗin babur ɗin ma'aikacin unguwa ake fara zaftarewa, don ziyarar gida ba gini ba ce da gwamna zai zo ya buɗe a ɗauke shi hoto.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Gwamnati ta janye kuɗin mai, wa ya janye muku ido da baki? Abin da nake gani shi ne, da ziyara ta mutu sai kowa ya shige ɗakinsa ya ja labule. Dattijo ya zo, a soka masa yatsa, a rubuta lamba a kati, likita ya ƙara masa ƙwaya, mai ba da magani ya miƙo leda ta taga. Ya ratsa hannu huɗu, ba wanda ya ce, "Malam, cire takalminka." Alhali a cikin silifas ɗin nan akwai faso da ya fara ruwa, ko ƙunar da ya samu da hunturu wajen jin ɗumin garwashi, bai ma sani ba saboda jijiyoyin ƙafar sun daina ji. Bayan 'yan watanni a kawo shi ranga-ranga da gyambo, a kira likitan tiyata.

Manyanmu ba haka suka bar mana aikin ba. Dakta Elliott Joslin na birnin Boston a Amurka, bayan samuwar insulin a 1921, nas-nas ya riƙa turawa gida-gida suna koya wa iyali allura da awon abinci. A 1981 asibitin King's College da ke Landan ya tara likita da nas da mai gyaran ƙafa da mai ɗinka takalmi da likitan tiyata a wuri guda, cikin 'yan shekaru yanke ƙafa ya ragu da rabi. Ba wata sabuwar na'ura suka sayo ba, zama suka yi suna magana da juna a kan mutum ɗaya. Mu ma a nan, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, an koya mana cewa rabin asibiti yana cikin unguwa. Mukan shiga gida mu ga tukunya da idonmu, mu duba ko kwalbar insulin tana cikin sanyin randa ko an bar ta a taga rana na dukanta. Wayyo, ina wannan zamani!

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar abinci. Likita ya ce a rage tuwo, nas ta ce a daina shi sam, wani a bakin taga ya ce sai acca da alkama, kamar su ba sa ɗaga suga. Mutumin ya koma gida a ruɗe, matar da ke riƙe da muciya kuwa ba wanda ya taɓa kiranta. Azumi ya zo, ba a gyara masa lokacin shan magani ba, sugansa ya faɗi da la'asar. Sannan ku ce "ba ya jin magana." Maganar wa zai ji, tunda ku kanku bakinku bai zo ɗaya ba? Wannan ba rashin kuɗi ba ne, sakaci ne, kuma abin kunya ne.

Ku gafarce ni in na zafafa, ciwon abin ne. Ga abin da ba ya cin ko kwabo. Ku sa kowane mai ciwon suga ya cire takalmi kafin ya zauna gaban likita. Ku ce ya zo da mai dafa masa abinci. Ku koya masa tsane tsakanin yatsu bayan alwala. Ku zauna sau ɗaya a mako, ko na rabin awa, ku duba katunan waɗanda sugansu ya ƙi sauka, ku tsayar da magana ɗaya. Wanda ya daina zuwa, ku kira shi a waya. Kuma ku riƙa rubuta adadin ƙafafun da aka yanke, ku kai wa masu rabon kasafi ta hannun ƙungiyoyinku, don su ga abin da zaftare kuɗin mai yake jawowa.

Ku nemi haƙƙinku wajen gwamnati da babbar murya, ina bayanku. Amma don Allah, kafin kuɗin su dawo, kada ku bar wani ya rasa ƙafarsa saboda an rasa mai sunkuyawa ya duba.

Naku,
Tsohon ma'aikacin jinya mai ritaya