KAFIN A CE "NAWA NE", A CE "INA AKA SAMO SHI"



Turawa suna da wani shiri a talabijin na yanka wa tsoffin kaya kuɗi. Na Ingila sunansa Antiques Roadshow, BBC ta fara shi tun 1979. Faransawa sunka buɗe nasu a 2017, Affaire conclue, a tashar France 2. Mutum shi ɗauko agogo ko takobi ko tasa daga gidansu, masani shi juya, shi duba, shi faɗi abin da za ta yi a kasuwa. A na Faransa har da ɗakin masu saye, su yi ta tayi sai mai kaya ya sallama. Ba mu ƙi ba. Wanda ya gaji butar kakarsa in ya so shi sayar, ina ruwanmu?

Amma ba duk abin da ke cikin akwatin kaka ne gado ba. In kakan nan soja ne ko kwamandan a ƙasar baƙar fata fa? Mu da munka san abin da Voulet da Chanoine sunka yi a Birnin Konni da Lugu a 1899, ba sai an gaya muna yadda ake "samun" kaya a wancan zamani ba.

Ga misali, ko da yake wannan ba gaban kamara anka yi shi ba. A 2021 wasu tsofaffi, mata da miji, a kudancin Faransa sunka share gida, sunka sayar wa dillalin tsoffin kaya wani abin rufe fuska na icce, na kabilar Fang ta Gabon, a kan Yuro 150. Wajen jikka 98 ke nan na sefa. Kakan mijin gwamna ne na mulkin mallaka, shi ya zo da shi. A watan Maris 2022 anka yi gwanjonsa a Montpellier, ya tashi Yuro miliyan 4.2. Sai tsofaffin sunka kai ƙara, wai an cuce su! Su anka cuta? Gwamnatin Gabon ta shiga shari'ar tana neman kayanta. A Disamba 2023 kotun Alès ta kori ƙarar tsofaffin, ta kori ta Gabon. Jika ya samu, dillali ya samu, mai gwanjo ya samu. Waɗanda kakanninsu sunka sassaƙa shi sunka tashi hannu wofi.

Gaskiya dai a faɗe ta: a 2024, cikin shirin na Ingila, an kawo wa masani Ronnie Archer-Morgan wani faifan hauren giwa na wani dillalin bayi, ɗan Afirka ne ma. Ya bayyana tarihinsa, ya ƙi yanka mishi kuɗi. To ashe ana iyawa! Mi ya hana a mai da shi doka, a tambayi asalin kowane kaya na Afirka kafin a yi maganar kuɗinsa?

Mu ma kada mu yi barci. Kuɗin da ake faɗi can shi ke aiko masu haƙa nan. Mutum-mutumin yumɓu na Bura, na yammacin ƙasarmu, an kwashe su har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin hatsari a shekarar 2000. In baƙo ya zo ƙauye shina tambayar tsohon takobi, ko sirdi, ko littafin da malam ya rubuta da hannu, ku ce mishi ba na sayarwa ba ne. Wanda ya kasa adana nasa, ga gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, yana nan tun 1959.