Zauren Uwargida: Kafin a ƙara wa injin niƙa gudu



Kaka ta shigo, motocin gero da dawa da masara suna ta sauke kaya a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke kan hanyar Katsina, a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa. A ƙauyukan da ke kewaye kuwa injin sussuka da na niƙa ba sa hutawa. Da yawa daga cikinmu mun kwashi adashi mun sayi ɗan injin markaɗe muna juya jari a cikin gida. Idan kwanuka suka yi layi, ba a rasa mai ba da shawara: "Hajiya, ki kira makaniki ya canza miki fuli, injin zai riƙa gudu kamar iska." A kan wannan shawarar za mu tsaya yau.

Fuli shi ne ƙarfen nan mai kama da taya da bel yake zagayawa a kai. Guda biyu ne, ƙarami a jikin injin fetur, babba a jikin abin niƙan. Girmansu ne yake tsayar da gudun. Ƙananan injinan fetur irin Honda GX160 da masu kama da shi an ƙera su ne su juya har sau 3,600 a minti ɗaya. A ce fulin inji inci 3 ne, na abin niƙa inci 9, to dutsen niƙa zai juya sau 1,200. Makaniki ya cire na inci 3 ya sa na inci 4, sai juyin ya koma 1,600. Inci ɗaya kacal, gudu ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku.

Ga inda gizo ke saƙa. Ƙarfin da ke fizgar ƙarfe mai juyawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ya fi shi saurin hawa. Wannan ƙarin na kashi ɗaya cikin uku yana kusan ninka fizgar da noti da boris da walda suke ɗauka. Abin da ya kwance a wannan gudun ba faɗuwa zai yi ba, harbawa zai yi. Shi ya sa a Amurka, inda ake yanke ciyawar gida da inji, aka yi wa bakin wuƙar injin iyaka: kada ya wuce ƙafa 19,000 a minti, kusan kilomita 350 a awa ke nan. Namu injinan da yawa a bakin titi aka haɗa su da walda, babu takardar da ta faɗi iyakarsu.

Ribar ma ba ta kai yadda ake zato ba. Canza fuli ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. Abin da aka samu a gudu an rasa shi a ƙarfin murzawa, shi ya sa za ki ji inji yana nishi idan aka zuba masara. Bel ya yi zafi ya saki, gari ya fito da zafi, dutse ya yi saurin cinyewa, kuma abin da ya cinye a cikin garin tuwon yaranmu yake ƙarewa. A wurin sussuka kuwa gudun da ya wuce kima fasa ƙwayar wake da gyaɗa yake yi, kowa kuma ya san farashin fasasshen wake a Dawanau.

Babban abin tsoro shi ne wanda ke tsaye a gaban injin. Sau da yawa yarinya ce da hijabi har ƙasa, ko yaron da aka aika da kwano. Bel mai juyawa da irin wannan gudu ba ya ba mutum damar ja da baya idan ya cafki bakin mayafi.

Idan ana son aiki ya yi sauri, a fara da abin da ba shi da haɗari: a wasa dutse ko a canza shi, a ɗaure bel daidai, a canza baƙin mai a kan lokaci, a tabbata hatsi ya bushe an tsince tsakuwa. Kada a bari makaniki ya taɓa abin da ke hana injin wuce gudunsa na asali. In ciniki ya fi ƙarfin ƙaramin inji, gara a tara kuɗi a sayi babba.

Sannan a sa mai walda ya yi wa bel da fuli murfi na raga ko langa-langa. Mai aiki ta cire dogon hijabi, ta ɗaure ɗankwali tamau. A kashe inji kafin a sa hannu a ciro abin da ya maƙale. Ƙananan yara su ajiye kwano daga nesa.

In tsautsayi ya faɗa, Allah Ya kiyaye, a kashe inji, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba toka ko ƙasa. In yatsa ya guntule, a naɗe shi a tsumma mai tsabta da ɗan danshi, a ƙulle a leda, a ɗora ledar a kan ƙanƙara, a garzaya asibiti mafi kusa ko Asibitin Ƙashi na Dala.

Uwargida, yau ki leƙa injin da ke gidanki ko wanda kike aika yara wurinsa: bel ɗinsa yana da murfi? Ki gaya mana abin da kika gani a ƙasa. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.